Hannun da Ya Riƙe Fitila

Daƙiƙa arba'in da ɗaya ne hoton.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Tankari yana dariya a bayan mota,
bindiga a kafaɗa, rawani ya zame masa,
barewa ta tsaya cak a tsakiyar haske
kamar wadda aka kira da sunan yanka.
Duk Tahoua ta ga wannan.
Abin da ba ta lura da shi ba yana can ƙasa, ta hagu:
rabin babban yatsa mai tabon ƙuna.
Nawa ne. Ni na riƙe fitila.

Ranar da ya saki hoton, kafin la'asar
mutum dubu goma sha biyu sun kira shi namijin duniya.
"Damisar Adar, a sam mana cinya!"
Aka kuwa sam musu. Ni na kai, a baƙar leda,
gida bakwai tsakanin Wadata da Kufan Tawa.
Babu wanda ya tambaye ni wane wata muke ciki.

Sai wata ɗaliba daga Yamai
ta tsayar da hoton a daƙiƙa ta tara,
ta zagaye cikin barewar da jan layi.
Ba ta zagi kowa ba.
Cewa kawai ta yi: biyu ne.

Kafin Juma'a ma'aikatan gandun daji sun iso
da takarda mai hatimi:
lokaci ya rufe, dare ne, kuma daga mota.
Bakin da ya yi guɗa jiya, yau shi ke tofi.

A teburin mai shayi, bakin tasha, ake zaman kotu.
Cindo, wanda ya aiko yaro a ƙaro masa hanta,
ya ce shekara goma ta yi kaɗan.
Tela ya ce don ɗan talaka ne;
masu zuwa da shaho su share tuje a arewa,
wa ya taɓa zagaye cikinsu da jan layi?
Wata mai tallar ƙosai ta ce ku ji mutane,
tiyar hatsi nawa yau, kuna makokin barewa?
Kowa da gaskiyarsa a tafin hannu, tana haske,
yana murza ta da yatsa.
Ni dai na hura shayina, alhali ya daɗe da hucewa.

Kakana Arzika maharbi ne.
Da ruwan fari ya sauka sai ya rataye baka a rumbu,
ya ce dawa ta shiga jego, a bar ta.
Bai san hatimi ba, ba shi da mabiyi ko ɗaya
in ban da kare mai kunne guda.
Na san wannan maganar tun ina goye.
Jika biyar aka ba ni, na manta da ita har asuba.

Yanzu Inna Kuluwa ke kai fura gidan kaso,
tana bin lungu don kada a ɗauke ta hoto.
An ce mabiyan ɗanta sun ninka uku,
masu zuwa zagi ma ana ƙirga su.
Salularsa na cikin ambulan a teburin alƙali.
Sau biyu aka tambaye shi wa ya haska masa,
sau biyu ya ce fitilar mota ce.

Akwai abin da ba a ɗauka ba.
Bayan an feɗe, shi ya koma mota yana neman waƙar da zai sa.
Ni na tona rami a gindin aduwa, da hannu,
na binne wanda bai taɓa ganin haske ba,
har nawa.

Jiya a ƙofar kotu wani yaro ya miƙo mini salula:
"Baba, ka ga abin da mugun ya yi?"
Na ce na gani.
Hannun hagu na karɓa da shi.
Na dama yana aljihu.